Sunan Ya Kellu a Jikin Kwalbar Humra

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da kwamfuta a kan tebur, gani kuke aikin ɗab'i danne-danne ne kawai. Ka zauna ƙarƙashin fanka, ka ja rubutu ka ƙara masa girma, ka rage, ka tura wa mai inji, ka koma kan wayarka. In aiki ya ɓaci ku ce injin ne. To ni Modu, da na tsufa cikin warin tawada, ina gaya muku babban rubutu ba ya nuna gwani. Kowa zai iya buga allon tallan da za a hango daga tasha. Ku kawo mini ɗan layin nan na can ƙasa, wanda sai an ƙanƙance ido ake karantawa, a nan zan gane ko sana'a kuka koya ko zaman kujera.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Oga Bitrus, a unguwar Moduganari, akuya ce ta samo mini shi. Oga Bitrus mutumin wajen Biu ne, a gidan ɗab'in mishan ya koyi aiki, kuma ko kwano ka ajiye a karkace sai ya gyara shi kafin ya amsa gaisuwarka. A lokacin harufa na darma ne, kowane harafi da jikinsa, suna zaune a akwati mai ɗakuna-ɗakuna. Da hannu ake tsinto su a jera, a juye kuma, sai an buga a takarda suke miƙewa. Ranar da na fara zuwa, akuyar maƙwabta ta shigo tana bin ɓawon ayaba, ta ture akwatin ƙananan harufa, waɗanda muke kira masu lamba shida. Kowannensu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Oga ya dubi akuya, ya dubi ƙasa, ya dube ni, sannan ya miƙo mini hantsaki.

"Ka ce kana son aiki. Ga aiki nan a ƙasa," in ji shi.

Na daɗe a durƙushe ina mai da kowane harafi ɗakinsa, har gwiwoyina suka yi kanta. Amma a nan na san su. Oga kan ɗauki ɗaya ya kai mini shi daf da hanci, ya nuna mini ɗan ramin da ke cikin a, ko e, ko o, ya ce wannan shi ne idon harafi. In tawada ta yi yawa ta toshe idon, harafin ya mutu, ko da ka jera shi daidai. Saboda haka ƙaramin rubutu ba a ba shi tawada da yawa, ba a matse shi, kuma ba a zaɓa masa harafi mai jela da ƙawa. Ya sa na maimaita wannan har ya zamana ko takardar magani na gani, idon harufa nake dubawa, ba yadda ake shan maganin ba.

Mun ga shekara mai wuya ma, kada ku zaci kullum inji na juyawa. Wata shekara muka cika shago da fostocin 'yan takara har rufi, sai soja suka karɓi mulki. Masu fostocin suka ɓace kamar ba su taɓa sanin hanyar Moduganari ba. Takarda ta yi tsada, tawada ta yi wuyar samu, muka koma buga rasit a bayan tsofaffin takardu. Fostocin kuwa masu tsire da masu ƙosai muka sayar wa. An daɗe a garin nan in ka sayi nama, wani Alhaji ne ke maka murmushi daga ƙarƙashin yaji, yana roƙonka ƙuri'a.

Kwamfuta ta zo mana ne bayan na riga na fara furfura a gemu. Oga ya sayo ta a Kano, ta hannu, ya sa aka ɗinka mata riga, shi kuwa ya ce ba zai taɓa ta ba ko da tsinke. Ni aka zaunar a gabanta. A lokacin babu mai fitar da fim mai kyau a kusa, sai mu shirya aiki, mu zuba a disket, a ba direba ya kai Kano, a fitar da fim, a dawo da shi mu ƙona filet, wato farantin ƙarfen da ake ɗaura wa inji, mu buga. Katin biki na farko da muka aika ya tafi da harufa masu lanƙwasa kamar zanen lalle, ya dawo da harufan takardar sammaci. Da muka yi ƙorafi, mai fim ya aiko cewa kwamfutarsa ba ta san irin harafin da muka zaɓa ba, shi ya sa ta sauya da wanda ta ga dama. Maganin abin, in ji shi, kafin mu aiko mu mai da rubutun zane. Shi ne abin da kuke cewa kanbat. Da ka yi shi, rubutu ya daina zama rubutu, ya zama hoton rubutu, kowace kwamfuta za ta nuna shi yadda ka bar shi. Muka ji daɗi, muka riƙa yi wa komai kanbat. Abin da bai gaya mana ba, mai yiwuwa shi ma bai sani ba, shi ne abin da kanbat ke yi wa ƙaramin harafi. Wannan a kan aikin Hajja Falmata muka koye shi.

Hajja Falmata mai humra ce a unguwar Fezzan. Humra kuwa, ga wanda ba ɗan nan ba, turaren jiki ne da mata ke haɗawa a gida, kowace da sirrin hannunta. Nata haɗin wajen mahaifiyarta ta gada. Ta shigo shago da rana tsaka, ƙamshinta ya riga ta shigowa, har mai juya inji ya ɗago kai. Tare da ita akwai ƙawarta, Ya Gana, wata gajeruwar mata mai baki kamar reza.

"Wushe, sannu Modu. Takardar liƙawa nake so a jikin wannan," Hajja ta ce, ta ɗora wata 'yar kwalba a kan tebur. Wurin liƙa takardar bai wuce faɗin kwalin ashana ba.

Na buɗe kwamfuta na zana mata fili, na ƙara masa girma don ta gani. Nan aka fara samun matsala. A gilashin kwamfuta takardar ta yi faɗin faranti, Hajja kuwa da ta ga fili sai ta fara zuba kaya. A sa sunanta a sama. A sa fure. A sa hoton kwalba, a jikin kwalba. A rubuta cewa akwai farce da sandal da kajiji. A rubuta cewa ƙamshin ba ya fita ko an wanke laffaya. A rubuta kwatancen gida.

"Hajja, abin nan fa ƙarami ne," na ce.

"Ga fili can a gefe ina gani, ko na haya ne?"

Da muka gama wannan sai ta gyara mayafi, ta zunguri Ya Gana. Ya Gana ta matso ta ce akwai sauran layi ɗaya, shi ne ma ya kawo su. Hajja na son a sa sunan mahaifiyarta, mai asalin haɗin, wadda ta rasu. Ita Hajja ba ta faɗin sunan da bakinta, tun tana yarinya ba ta taɓa faɗa ba, ko 'yarta da aka sa wa sunan, Ummi take kiranta. Don haka ta ɗauko Ya Gana takanas ta zo ta faɗa mata.

"Rubuta: Haɗin Ya Kellu Fezzan," Ya Gana ta ce. Hajja ta kau da kai tana kallon bango kamar ba da ita ake ba.

Na rubuta da harafi madaidaici. Hajja ba ta yi boko ba, amma da aka nuna mata layin sai ta ce a'a, ya yi girma, sunan uwa ba a baje shi haka. A rage. Na rage. A ƙara ragewa. A kai shi can ƙasa. A yi shi da harafin nan mai lanƙwasa, shi ya fi kama da mutunci. A yi shi ruwan zinariya, bayan kuma ya zama ruwan ƙasa mai duhu, kalar humrar. Na ce mata duk abin da Oga ya hana ni tun ina durƙushe a ƙasa, yau ta haɗa mini shi a layi ɗaya. Ta ce ita dai ta ga yana fita a gilashi. Gaskiyarta kuma, a gilashi tar yake. Na yi kanbat, na zuba a disket, aka kai Kano.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa, tun da ku ba za ku tambaya ba. Harafi muddin yana harafi, yana da ɗan wayo a jikinsa. In aka ƙanƙanta shi, ya san yadda zai tsuke cikinsa ya bar idonsa a buɗe. Da ka yi masa kanbat, wayon ya tafi, ya zama zane kamar zanen fure, inji zai cika shi yadda ya same shi. Mai kauri ya ƙara kauri ya toshe ido, siririn wuri kuma ya tsinke. Sannan ka zo ka buga shi da kala biyu, ɗaya kan ɗaya, da tsohon injin da ke rawa in babbar mota ta wuce. In filet ya goce ko da kaurin gashi ne, duhun baya sai ya cinye siraran layukan. Babban rubutu ba zai nuna ba. Ƙarami kuwa ya gama yawo.

Haka aka yi. Sunan Hajja ya fita, fure ya fita, hoton kwalba ya fita. Layin ƙasa kuwa, harufan suka manne da juna, suka tsinke a wasu wurare, ga ɗige-ɗigen zinariya sama da ƙasa. Na sa gilashin ƙara girma, ni da na rubuta shi, na kasa karantawa. Da Hajja ta zo na gaya mata gaskiya, na ce layin Ya Kellu bai fita ba, ta ba mu lokaci mu sake.

Ta ɗaga takardar ta duba. "Ba ga shi nan yana ƙyalli ba?"

"Yana ƙyalli, Hajja, amma ba ya karantuwa."

"Modu, watan Sha'aban muke ciki, kowane gida biki ake kafin azumi. Amare ba za su jira ka ba." Ta kwashe kayanta ta tafi.

Takardun gwaji da suka lalace muka watsar bayan shago, yadda muka saba. Ba a jima ba sai ga Goni Aisami, wani dattijon malami na unguwarmu, ya shigo da su cike da gaban rigarsa, yana huci.

"Bitrus, kai ba zan ga laifinka ba. Amma kai Modu, ɗan Musulmi, kai ne kake zubar da rubutun Larabci a bola awaki na takawa?"

Na rantse masa cewa boko ne. Ya ce shi idonsa ya yi rauni, bai iya karanta shi ba, amma abin da ya yi kama da Larabci ba zai bari a taka ba sai ya tabbatar. Na ba shi gilashin ƙara girma. Ya duba daga dama, ya duba daga hagu, ya juya takardar ƙasa ta koma sama. Can ya ajiye gilashin.

"Wannan ba Larabci ba ne," ya ce. "Amma ba boko ba ne kuma. Wallahi ban san al'ummar da ke rubutu haka ba."

Oga ya shige bayan inji don kada a ga dariyarsa. Goni bai yi dariya ba. Ya ce to shi an cuce shi, domin iyalinsa ta sa shi ya sayo mata kwalbar nan a hannun dillaliya da tsada, wai haɗin Makka ne, shaida kuwa ga rubutun Larabci nan a ƙasa.

Ashe abin ya cika gari. Dillalai ne suka ga layin, suka ga abin da mata ke zato, suka ƙi gyara musu zato. Hajja ba ta taɓa cewa kayanta na Makka ne ba, ita dai ta ga ana ɗibar humra kamar ana rabo, har daga unguwar Lamisula ake zuwa yi mata layi a zaure. Muka ce to, ɓarna ta zama alheri. Oga har ya fara cewa ko mu riƙa yi wa sauran masu turare irin wannan layin da gangan.

Bayan sallah sai ga Hajja da Ya Gana. Na miƙe da fara'a ina jiran godiya, sai na ga fuskar Hajja babu annuri. Ko zama ba ta yi ba. Ya Gana ce ta ba da labari. Wai a wajen wani biki wata matar babban ma'aikaci ta ciro kwalbar daga jaka, ta shafa wa Hajja a bayan hannu, ba ta san ko ita wace ce ba, ta ce mata ta ji yadda Larabawa ke haɗa turare, mu nan sai ƙona itace kawai muka iya.

"A hannuna, Modu," Hajja ta ce. "Matar da ta makance da hayaƙin kasko tana koya mini abin nan, yau an ɗauki aikinta an ba Larabawa kyauta. Kuma da kuɗina aka buga."

Oga ya yi gyaran murya ya ce ta yi tunani. Kasuwa ta buɗe mata, in aka gyara layin, dillalai za su watse, masu son abin waje za su koma wani wuri. Ta ce ta sani. Ta ce ta kwana tana wannan lissafin, ba sai ya yi mata ba. Kuma Oga bai yi ƙarya ba, daga baya masu layin zauren nan sun ragu sosai.

Na ce to za a gyara, amma yau ni zan yi magana a ji. Allah ya taimaka na ajiye wani kwafe na aikin da ban yi wa kanbat ba, wannan ma darasi ne ku riƙe, domin rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa sai dai a sake daga farko. Na buɗe, na ƙi ƙara wa filin girma, na bar shi a gilashi daidai faɗinsa na gaskiya. Hajja ta sunkuyo.

"Ina sauran filin?"

"Dama iyakarsa ke nan, Hajja. Wancan da kika gani aro ne."

Na ce in ana son suna ya fita, sai wani abu ya tashi ya ba shi wuri. Muka fara da hoton kwalba, ya tafi ba gardama. Fure ta ɗan yi masa jimami. Kwatancen gida Ya Gana ta ce a cire, duk wanda hancinsa ke aiki zai gane gidan. Farce da sandal da kajiji suka bi. Na canza harafin zuwa mara jela, mai buɗaɗɗen ido, na ware tsakaninsu, na mai da bayan fari, rubutun baƙi, kala ɗaya tak. Sai ya rage suna biyu, na Hajja a sama, na mahaifiyarta a ƙasa, kowanne ya samu rabin wuri. Na ce haka zai karantu in an kawo kwalbar kusa.

"In ba a kawo kusa ba fa?"

"Sai dai a cire ɗaya."

Ya Gana ta kama baki. "Falmata, sunan mahaifiyarki ɓaro-ɓaro kamar mai neman kansila? Ke da ba kya iya faɗinsa?"

Hajja ta daɗe tana kallon gilashin. Na ga kunyar tana cinta, na kuma ga abin da ya fi kunyar. Ta miƙa yatsa ta taɓa layin sama, ta tambaye ni ko wannan ne nata. Na ce shi ne. Ta ce in goge.

Wannan karon ban yarda da gilashi ba. Na yi kanbat, na fitar da shi a takarda daidai girmansa, na yanka da almakashi, na liƙa a jikin kwalbar, na ɗora a kan tebur. Hajja ta ce ita ba ta yarda da ni ba kuma, tun da wancan ma yana ƙyalli. In cire tabarau in ja da baya in karanta. Na cire, na ja har bakin ƙofa, na karanta. A lokacin inji na aiki, ta ce ba ta ji ba, in ƙara ja baya kuma in ɗaga murya. Na fita waje, na tsallake kwata, na tsaya a bakin hanya, katon mutum da gemu, na buɗe maƙogwaro.

"Ya Kellu Fezzan!"

Mai shayi ya juyo. Mai faci ya juyo. Wata tsohuwa da ke wucewa da ƙullin kuɓewa a ka ta tsaya cak, ta dawo da baya, ta dube ni da tausayi.

"Ɗana, daina wahalar da kanka, ba za ta amsa ba," ta ce. "Kellu mai humra ta daɗe da rasuwa. Ita ta turara ni ranar da aka kai ni ɗaki. Allah ya ji ƙanta, hannun nan ba a sake yin irinsa ba."

Ta gyara ƙullinta ta wuce. Na koma cikin shago na tarar Oga ya kashe inji. Hajja ta ja laffaya ta rufe fuskarta gaba ɗaya. 

Daga cikin laffayar Hajja ta ce, "Ita ce. Kada ka rage ko kaɗan, Modu. Buga."